Motar da Ke Jin Turi

Wani ne ya gaji mota a wurin kawunsa. Tsohuwa ce ƙwarai. Kafin ka gan ta ka ji ƙararta, bayan ta ɓace kuma ka ci gaba da shaƙar hayaƙinta. Kowace ƙofa da irin fentinta. Amma otomatik ce, da kanta take canja giya, kuma duk tsufan nan ba ta taɓa yada kawun a hanya ba. Ciwonta ɗaya ne: batir ya gaji.

Gogan naku a wani ofis yake aiki, buga hatimi a takardu. Maƙo gare shi na fitar hankali. In man goge baki ya ƙare, sai ya tsaga robar da reza ya kankare na ciki har kwana goma. Shi dai bai yarda maƙo ba ne. Kowace magana sai ya ɗaga yatsa ya ce shi da lissafi yake tafiya.

To, akwai wata tela da yake nema. Mace mai natsuwa, da shagonta da kekenta, ba ta roƙon kowa komai. Abin mamakin shi ne ita ma tana son sa. Wai ranar da suka fara haɗuwa, ya ajiye mota a bakin shagonta ya raka ta gida a ƙafa, suna tafe suna hira. Ita ta ɗauka so yake hirar ta yi tsawo. Shi kuwa mai yake tattali.

Gidansu na cikin wani lungu da ba ya ɓullewa, katanga ce a ƙarshensa. Tana da yayye maza huɗu, ƙarti, babbansu direban tirela. Mahaifinta ma ya yi tuƙi shekara da shekaru kafin yanar ido ta rufe masa gani. Yanzu kullum yana kan kujera a ƙofar gida. Ba ya gani sosai, amma ba abin da ke wuce kunnensa.

Wata rana da yamma gogan ya gama hira, ya shiga mota, ya murɗa makulli. Motar ta yi ɗan tari ta yi shiru. Ya sake murɗawa. Ko tarin ma ba ta yi ba.

Yayyen yarinyar uku suna gida. Don kara suka fito suka kama turi. Suka tura ta bakin lungu, suka dawo da ita. Suka sake turawa, suka sake dawowa. Gumi ya jiƙa musu riguna. Gogan yana ciki riƙe da sitiyari, yana ce musu su ƙara ƙarfi, saura kaɗan.

Ana cikin haka babban wan ya dawo. Ya leƙa ta taga, ya ga feda biyu kacal a ƙasa, birki da totur. Ya yi dariya har da dafa bango. Ya ce wa ƙannensa ko za su tura ta har gobe ba za ta tashi ba, otomatik ba ta san turi ba. Sannan ya dubi gogan sama da ƙasa.

"Motar da ba ta jin turi ai ba mota ba ce, kujera ce mai taya."

Maganar nan ta soki gogan har ƙashi. Da ƙyar aka samo wani maƙwabci ya ara batirinsa aka tayar da ita.

Kafin ya ja, yarinyar ta matso jikin taga ta yi ƙasa da murya. Ta ce Asabar ta sama Baba zai ga likitan ido da ƙarfe goma, wata uku ke nan suna jiran ranar. Kuma Baba da bakinsa ya ce shi yake so ya kai su, a hanya zai yi masa maganar aurensu, ya yanke abin da zai yanke.

"Batir kawai za ka saya," in ji ta. "Batir. Ka ji ko?"

Ya ce ya ji.

Washegari ya je wurin mai batir. Da aka faɗa masa kuɗin, sai da ya nemi benci ya zauna. Ya tambaya shekara nawa batirin zai yi. Aka ce biyu, in an lallaɓa. Ya ce bayan biyun fa? Mai shagon ya ce sai ya dawo ya sayi wani.

Gogan ya miƙe yana murmushin wanda ya gano ɓarawo. Wato duk shekara biyu sai an tatse shi, har ya mutu. Turi kuwa fa? Turi kyauta ne. Ga surukai huɗu majiya ƙarfi za a haɗa masa da amarya, ba su da ranar ƙarewa. Abin da ya rage kawai a mai da motar mai jin turi. A cire otomatik, a sa mata giyar hannu, manuwal.

Ya zarce gareji. Bakaniken wani siririn dattijo ne mai tsinke a baki, wanda ya ga wawaye iri-iri har ya daina mamaki. Ya saurari bayanin duka bai katse shi ba. Sannan ya shiga lissafa abin da aikin ke ci: akwatin giya, kulochi da farantinsa, feda ta uku, sandar giya, ƙarafan da za su haɗa sandar da akwatin, ga walda, ga huda ƙasan mota. Ya ce in aka yi shi yadda ya kamata, kuɗin zai sayi motar sau biyu da canji.

"Maigida, ka sayi batir."

"In kuma ba a yi shi yadda ya kamata ba fa?"

Bakaniken ya juya tsinken zuwa ɗaya gefen bakinsa. Ya ce motarsa ce, kuɗinsa ne, ransa ne.

Suka shiga kasuwar 'yan gwangwan neman akwatin giya. Aka nuna musu uku. Na farko lafiyayye, gogan ko kallonsa bai yi ba. Na biyu yana ɗan kuka. Na uku kuwa daga wata motar raba burodi aka ciro shi, kaji har sun fara ƙwai a kansa, kuma kusan kyauta ake bayarwa. Mai kayan ya faɗi gaskiya, ya ce giyoyin gaba duk suna shiga, amma ribas ya mutu.

Bakaniken ya juya zai wuce. Gogan ya riƙo hannunsa. Ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa zuwa unguwa da baya ba. Ofis gaba yake, kasuwa gaba take, asibitin ido ma gaba yake. Don me zai biya kuɗin giyar da ba ta kai mutum ko'ina?

Aka ɗauko na kajin.

Kwana uku da fara aiki, aljihu ya bushe. Ga kulochi ba a saya ba. Ya sayar da tsohon akwatin otomatik ɗin. Bai isa ba. Ya sayar da rediyo, ya sayar da safaya. Saura kaɗan. Ya tsaya yana zagaya injin da ido kamar mahauci, sai ya nuna wani dunƙulen ƙarfe ya tambayi aikinsa. Bakaniken ya ce kik ke nan, shi ke murza injin in an murɗa makulli.

"Motar da za a riƙa turawa, me za ta yi da shi?"

Wannan karon sai da bakaniken ya cire tsinken daga baki. Ya ce in aka sayar da kik, ko batirin jirgin sama aka sa mata ba za ta ƙara tashi da makulli ba. Gogan ya ce ai abin da ake nema ke nan. Aka kwance kik aka sayar, aka sayo tsohon kulochi.

Feda ta uku ma ba a saya ba. Mai walda ya yanko matakin wani mataccen keken ɗinki ya liƙa. Gogan ya ji daɗin wannan ƙwarai. Ya ce in yarinyar ta gani za ta san da ita ya kwana a rai.

Sai aka zo kan sandar giya. Da aka ɗaura akwatin motar burodin, bakinsa bai fito a tsakiya ba inda hannun direba ke kaiwa. Can gefe ya ɓullo, daidai gaban kujerar fasinja. Bakaniken ya ce dole a sayi ƙarafan da za su jawo shi tsakiya. Gogan ya tambayi kuɗinsu, ya ji, ya ce a huda nan inda ya ɓullo.

"Wa zai riƙa sa maka giyar?"

"Wanda ya zauna a gaba. Mutum ya hau mota kyauta, ai sai ya yi aiki."

Aka huda. Aka soka guntun bututun ruwa, aka ɗaura masa mariƙin ƙofa a kai. Duk wanda ya zauna, sandar na tsakanin gwiwoyinsa.

Ranar Juma'a da rana aka gama. Bakaniken yana goge hannu ya tambaye shi, shin ma ya iya tuƙa manuwal kuwa? Gogan ya ce ya sha gani ana yi. Suka zagaya garejin sau biyu, makanikai na turawa, motar na tsalle kamar an ɗana mata wuta. Ta mutu sau tara. Bakaniken ya sauka ya ce iyakar tasa ke nan, in an tambaya kada a ce a wurinsa aka yi.

Asabar da safe gogan ya sha wanka, ya sa kayan da ya fi ji da su. Ya miƙa hannu ya sa giya ta biyu tun motar na tsaye, maƙwabta suka tura, ta tashi. A ta biyun nan ya ratsa gari, injin na ihu kamar ana yanka shi. Ya shigo lungun da ƙarfinsa, ya taka birki ya manta kulochi. Motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu, hancinta saura taki biyu ya taɓa katanga.

Tsohon yana kan kujerarsa, ya shirya tsaf, takardun asibiti a cinya. Ya karkata kai ya ce wannan ba kukan motar rannan ba ne.

Yarinyar ta fito tana ɗauke da wani abu mai nauyi, naɗe cikin sabon ƙyalle. Ta dire shi a gabansa tana haki, tana murmushi. Ta ce ta san halinsa, ta san zai tsaya lissafi, shi ya sa ta karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinta sati biyun nan. Ta buɗe ƙyallen. Batir ne, sabo fil, ko ledarsa ba a cire ba.

Wani ne da sai ya rasa bakin magana. Gogan naku kuwa tambayarta ya yi nawa ta saya. Ta faɗa. Ya ce an cuce ta. Sannan ya ɗaga yatsa ya yi mata bayani dalla-dalla, cewa motar yanzu ta wuce wannan matsayin, ba kik ma balle a yi maganar batir. Ta ce to a sa shi a but ɗin motar, ko zai yi amfani wata rana. Ya ce a'a, nauyi zai ƙara, mai zai sha.

Ta dube shi. Ta dubi batirin. Ta mayar da ƙyallen ta rufe shi a hankali, ta ajiye a bakin ƙofa. Ta koma gefe ta tsaya.

Ya kira ta ta zo ta ga fedar keken ɗinki. Ba ta zo ba.

Babban wan ne ya zo. Ya leƙa, ya ga bututun ruwa a gaban kujerar fasinja, ya kasa ko dariya. Ya ce to a yi ribas a fita, lokaci na tafiya. Gogan ya gyara wuyan riga ya ce ai wannan motar ba ta komawa baya.

Haka ƙartin nan huɗu suka tura ta da baya har bakin lungu. Suka juya ta da hannu kamar gado. Aka zaunar da tsohon a gaba, yarinyar a baya. Tsohon ya laluba, ya ji sanda tsakanin gwiwoyinsa, ya tambaya ko ta wane ce aka manta. Gogan ya ce giya ce, kuma Baba ne zai taimaka da ita.

Tsohon ya shafa sandar daga ƙasa zuwa sama. Sannan ya kama mariƙin ƙofar, ya jijjiga, ya lalubo ta biyu ya sa. Hannu bai manta ba. Aka sake turawa, wannan karon gaba. Ta tashi. Suka bar yayyen a tsaye a titi, riƙe da ƙugu.

Da suka hau babban titi, tsohon ya gyara murya.

"Yaro, game da maganar da ke tsakaninka da..."

"Ta uku, Baba."

Tsohon ya ce ya taka kulochi tukuna. Gogan ya taka birki. Goshin tsohon ya gaisa da gilashi, hularsa ta faɗo. Ya lalubo ta ya mayar. Aka sake gwadawa, giya ta shiga da ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

Can ya sake farawa. Ya ce ita 'yar tasa ba ta saba da wahala ba, ba don suna da shi ba, sai don...

"Ku dawo ta biyu, Baba. Ta biyu na ce. Ba wannan ba. Haba Baba, ku riƙa lura mana."

Tsohon ya ce a ta biyun take, ƙafarsa ce ba ta kan kulochi. Gogan ya ce shi ke tuƙi, shi ya san inda ƙafarsa take. A bayan mota yarinyar ta juya fuska tana kallon waje.

Sau huɗu tsohon yana ɗauko maganar, sau huɗu ana aikensa giya. Daga baya ya bari. Ya koma sauraron injin, yana faɗa wa direban lokacin taka kulochi da lokacin saki, kamar mai koya wa jariri tafiya. Har motar ta ɗan daidaita. Gogan ya waiga ya ce wa yarinyar ta gani ko, lissafi ba ya ƙarya.

Saura kwata goma ta cika suka iso babban shataletalen da ke kusa da asibiti. Wata mota ta gitta. Gogan ya taka birki, ya sake manta kulochi. Tsalle ɗaya, shiru.

Motoci suka taru a baya, hon ta ko'ina. Ya murɗa makulli don sabo, ba abin da ya amsa. Ya duba hagu, ya duba dama, ba suruki ko ɗaya. Sai ya waiga baya.

"Fito ki ɗan taɓa mana. Ba nauyi, tunda ba mu ɗauko batirin ba."

Ta kai hannu ga ƙofa. Tsohon ya ce, "Zauna." Bai ɗaga murya ba. Ya sa giya ta biyu, ya miƙa mata takardun asibiti, ya lalubi ƙofa ya fita. Ya bi jikin motar da hannu har ya kai baya. Ya cire hula ya cusa a aljihu, ya kafa kafaɗa.

Ba ta zauna ba. Ta fito ta tsaya a gefensa, ta riƙe masa gefen riga kada ya faɗi. Motar kam ko yatsa ba ta ɗora mata ba.

Tsohon ya tura. Mutanen da ke bakin titi suka ga dattijo mai furfura yana turi, saurayi na zaune a ciki, suka fara faɗa wa gogan abin da ya dace da shi. Biyu suka zo suka kama. Motar ta yi tari, ta yi tsalle, ta tashi.

Nan fa lissafi ya cije. In ya tsaya ya ɗauke su, za ta mutu. Ribas babu. Giya kuma tana can inda hannunsa ba ya kaiwa sai ya kwanta. Sai ya shiga shataletalen ya kama zagaye.

A zagayen farko ya leƙo ya ce su shirya, zai rage gudu su faɗo ciki. Tsohon yana tsaye yana mayar da numfashi, yarinyar na kaɗe masa ƙura a kafaɗa.

A na biyu ya miƙa ƙafa ya tura ƙofar fasinja ta buɗe, ya ce Baba ya fara gudu tun yanzu, in ya ji ƙarar ta matso sai ya yi tsalle. Ƙofar ta daki wani allon talla ta rufe kanta.

A na uku ya ga yarinyar ta ɗaga hannu. Ya ɗauka shi take yi wa, har ya ɗaga nasa. Tasi ta tsayar.

Ta buɗe wa mahaifinta gaba, ta gyara masa hula, ta shiga baya. Tasin ta shigo shataletalen, don hanyar asibiti na ɗaya ɓangaren. Gogan ya taka totur, injin na kururuwa, har ya jera da su, taga da taga. Gumi ya wanke masa fuska.

"Baba, ba mu ƙarasa maganar ba. Kun ba ni ita?"

Tsohon ya sauke gilashi. Ya juyo da fuskarsa wajen da hayaƙin ke fitowa.

"Maza huɗu na haifa, duk sun tura motarka. Ni ma na tura. Ita kaɗai ta rage a gidana ba ta tura ba, kuma haka nake so ta tsufa."